Abdulkarim Barth, Baturen Da Ya Fafe Goransa Kafin Ran Tafiya

A cikin watan Maris na shekarar 1850 wani ayari ya tashi daga Tarabulus ya fuskanci kudu. A cikinsa akwai Turawa uku waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko su binciko labarin ƙasashen da ke bayan Hamada. Kafin a cika shekara uku, biyu daga cikinsu sun mutu, an binne su a ƙasar Barno. Daga baya aka aiko wani masani na huɗu ya bi sawunsu, shi kuwa aka kashe shi a Wadai. Mutum ɗaya tak cikin huɗun nan ya koma gida da ransa da littattafansa, bayan shekara biyar da rabi. Sunansa Dokta Heinrich Barth, amma mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Kukawa da sunan Abdulkarim suka san shi.

Kwana dai na Allah ne, ba mai iya ƙara wa kansa ko da yini guda. Amma wanda ya duba tarihin mutumin nan zai ga ba da ka ya faɗa wa wannan tafiya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ran tafiya, shi kuwa ya yi shekaru yana fafe nasa. Za a kuma ga cewa wuraren da ya fi shan wuya su ne wuraren da ya yi sakaci da shirin.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus ran 16 ga watan Fabrairu, 1821. Ubansa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, wanda ba ya ƙyashin kashe kuɗi a kan karatun ɗansa. Tun yana yaro ba shi da yawan abokai, littafi ne abokin hirarsa, kuma Allah ya hore masa saurin kama harsuna. Ya iya Ingilishi, ya kuma fara taɓa Larabci tun bai bar makarantar garinsu ba.

A shekarar 1839 ya shiga Jami'ar Balin. Can ya yi karatu a hannun manyan malamai biyu, watau August Böckh, masanin tarihin Yunanawa da Rumawan dā, da Carl Ritter, shahararren malamin labarin ƙasa. Ya gama a 1844, bayan ya rubuta littafi a kan cinikin wani tsohon birnin Yunanawa mai suna Korinti. Wannan karatu ya koya masa in ya shiga gari ya fara tambayar abin da a ke saye da sayarwa, da inda kaya ke fitowa, da hanyar da su ke bi. Tambayoyin nan su ne ya zo ya yi ta yi a kasuwar Kurmi bayan shekara bakwai.

Gwajin farko

A 1845 ya tafi Landan ya ƙara ƙarfin Larabcinsa, sa'an nan ya kama wata doguwar tafiya da kuɗin ubansa, ya kewaye Bahar Rum. Ya fara daga Tanja a ƙasar Maroko, ya bi gaɓar teku ta Aljeriya da Tunis da Tarabulus, yana kwana cikin Larabawa, yana cin abin da su ke ci. A 1846, kusa da iyakar Masar, 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa. A cikin abin da ya rasa har da littattafan da ya ke rubuta labarin tafiyarsa da zane-zanen da ya yi. Da kyar ya kai Iskandariya da rai.

Wani da ya koma gida daga nan. Shi kuwa da ya warke sai ya bi Kogin Nilu ya yi kudu, ya komo ya ratsa Sina'i da Falasɗinu da Sham da ƙasar Turkawa da ta Yunanawa, bai isa gida ba sai 1847. Da ya zauna rubuta littafin tafiyar, dole ya dogara ga wasiƙun da ya aika gida da abin da ya iya tunawa. Wanda ya duba yadda ya riƙa yi daga baya zai san darasin ya shige shi. Ko ina ya sauka ya kan juye rubutun yini a babban littafi tun bai manta ba, kuma duk ayarin da ya samu mai zuwa arewa sai ya ba shi wasiƙu da rahoto, don ko ya mutu kada ilmin ya mutu tare da shi.

Tashi daga Tarabulus

A 1849 Gwamnatin Ingila ta shirya aika wani mutum mai suna James Richardson zuwa ƙasashen Sudan, ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, ya kuma nemi hanyar da za a rage cinikin bayi. Aka ga ya kamata a haɗa shi da masani. Ritter da wani jakadan Jamusawa da ke Landan mai suna Bunsen suka ba da sunan Barth, bisa sharaɗin zai biya fam 200 daga aljihunsa don guzurinsa. Aka ƙara musu wani saurayi Bajamushe, Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari.

Barth da Overweg suka riga Richardson isa Tarabulus. Maimakon su zauna jira, sai suka yi makonni suna yawo cikin duwatsun da ke kudu da birnin, suna gwada jikinsu da kayan awonsu. Da aka gama shiri aka ɗora kaya a kan raƙuma, har da wani jirgin ruwa da aka raba gida huɗu, wanda za a haɗa in an kai Tafkin Chadi. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim don sauƙin kira a bakin mutane, ya shiga tufafi irin na ƙasar. Bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba, amma ya karanta Alkur'ani da littattafan Larabawa masu labarin ƙasa, har ya iya zama da malamai a yi zance na ilmi.

Kayan aikinsa ba su da yawa, agogo ne da kamfas da alƙalami. Yana bisa raƙumi ko doki ya kan duba inda aka fuskanta da lokacin da aka ci, ya rubuta, ya tambayi sunan ko wace rijiya da ko wane dutse. Da irin wannan rubutu ne aka zo aka zana taswirorin da suka gyara kurakuran da Turawa suka daɗe suna yi game da ƙasashen nan.

Kuskuren Dutsen Aljannu

Suka wuce Murzuk, suka doshi Gat. Kusa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda Buzaye ke cewa gidan aljannu ne. Barth ya so hawansa ko zai ga rubutun mutanen dā, ya nemi ja-gora, kowa ya ƙi. Aka yi masa faɗa ya bari, bai ji ba. Ran 15 ga watan Yuli, 1850, ya tashi shi kaɗai da 'yar salkar ruwa da ɗan busasshen abinci. Ya hau, bai sami kome ba, ruwansa ya ƙare, ya sauko ya ɓace hanya. Ya kwana a ƙarƙashin wata busasshiyar itaciya, gari ya waye rana ta buɗe masa, ƙishirwa ta kai shi ga ya tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa. Sai da yamma wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi kwance, ko magana ba ya iyawa.

Saura ƙiris duk karatun Balin da Larabcin Landan su ƙare a gindin itaciyar nan, tun tafiya ba ta yi wata huɗu ba. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma Barth ya ga haka da jikinsa. Daga ran nan da wuya a sake samunsa ya shiga wani wuri ba tare da ɗan ƙasa a gabansa ba.

Da suka shiga iyakar Azbin sai ga wani haɗari dabam. Mahara suka yi ta bin ayarin, suka kewaye su, suka ce ko dai Turawan su musulunta ko a kashe su. Aka yi ta ciniki, daga ƙarshe suka fanshi kansu da kaya masu yawa. Suka sami mafaka wurin Annur, wani babba cikin Kel Owi, a garin Tintellust. A nan Barth bai zauna banza ba. Ya lura Hausa ce harshen ciniki a Azbin, saboda haka ya duƙufa koyonta wurin fatake da bayi da barorin ayari. Da ita ya shiga Agadas a watan Oktoba, ya gana da Sarkin Agadas Abdulƙadir, ya rubuta labarin birnin. Daga baya ya ƙara da Barbarci da Fillanci da harshen Sangai da na Buzaye. Amfanin wannan a fili ya ke, gama wanda ke jin abin da a ke faɗa a bayansa ya fi wanda ke jiran tafinta sanin ran da ya kamata ya ɗaure kaya.

Kano, Kukawa da Yola

A watan Janairu na 1851 suka iso Damargu tare da ayarin gishiri, suka rabu a kan za su haɗu a Kukawa. Richardson ya yi Damagaram, Overweg ya yi Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi 'yan kwanaki sai da ya ƙara gaisuwa. Ya shiga Kano a farkon Fabrairu, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ga bashi ya yi masa katutu, ga zazzaɓi. Duk da haka ya hau Dala ya zana birnin, ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000, ya bi marina da masaƙa, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus.

Yana kan hanyar Barno ya sami labarin Richardson ya mutu a Ngurutuwa ran 4 ga watan Maris. Ya isa Kukawa a farkon Afrilu ba shi da kuɗi, ga barorin mamacin suna bin albashinsu. Abin da ya cece shi shi ne ya san ba a zama a gari sai da uban ɗaki. Ya nemi Shehu Umar ɗan Shehu Laminu da wazirinsa Alhaji Bashir, suka karɓe shi, suka ba shi masauki da rance. A Kukawa ya sami jerin sunayen sarakunan Barno na dā da littafin Imam Ahmad ɗan Furtuwa a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma.

Daga nan ya yi kudu, ya ga Kogin Binuwai a mahaɗarsa da Faro ran 18 ga watan Yuni, 1851, ya shiga Yola. A nan ya yi kuskure na biyu. Ya zo ne tare da wani jakadan Barno wanda ke ɗauke da takardu a kan wata ƙasa da Barno da Adamawa ke jayayya a kanta. Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama ya ɗauke shi ɗan leƙen asirin Barno, ya kuma nuna cewa ba da iznin Sarkin Musulmi ya zo ba. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, ya fita yana fama da zazzaɓi. Ashe takardar da ke buɗe ƙofa a wani gari ita ke rufe ta a wani.

Zama ƙarƙashin inuwar masu iko kuwa yana da nasa farashi. Don ya ga ƙasashen da ba ya iya shiga shi kaɗai, ya bi Larabawan Aulad Sulaiman zuwa Kanem, alhali hari suka tafi. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda aka ƙone garuruwa aka kamo bayi a kan idonsa. Ya rubuta abin da ya gani bai ɓoye ba, amma an zarge shi a Ingila saboda bin wannan runduna, kuma har yau masana na tattauna ko neman ilmi ya isa hujjar irin wannan rakiya. A 1852 ya tafi Bagarmi, aka yi zarginsa, har aka sa shi a mari na 'yan kwanaki. Ya komo Barno ke nan ba da daɗewa ba Overweg ya mutu a Maduwari, bakin Tafkin Chadi, ran 27 ga watan Satumba.

Hanyar yamma

Yanzu ya rage shi kaɗai, kuma takarda ta zo daga Landan ta ba shi shugabancin tafiyar. Ya yanke shawarar zuwa Tumbutu, garin da aka kashe wani Baturen Ingila, Manjo Laing, a kusa da shi a 1826. Shirin da ya yi wa wannan tafiya ya nuna ya ɗauki darasin Yola. Ya tashi daga Kukawa a watan Nuwamba na 1852, ya tsaya Damagaram ya karɓi kuɗin da aka aiko masa. A Katsina ya juya kuɗin zuwa riguna da turkudi da rawuna na Kano da Nufe, domin ya san su ne kuɗi a ƙasashen yamma. Ya riƙe allurai masu yawa don ƙananan saye-saye. Maganinsa kwinin ne da ruwan tsamiya. Cikin barorinsa akwai amintaccensa Muhammadu mutumin Gatrun, da yara biyu waɗanda Overweg ya 'yanta, watau Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi.

Wannan karo bai tsallake mai ƙasa ba. Ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, ya kai gaisuwa, ya karɓi takardar izni. Ya zauna Wurno da Sakkwato, ya sadu da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, ya karanta Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello. A Gwandu Sarki Halilu bai yarda sun gana ba, amma ya ba shi takarda. A nan aka ara masa littafin Tarihus Sudan, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Ya zaci Ahmad Baba ne ya wallafa shi, daga baya masana suka tabbatar na Abdurrahman Sa'adi ne. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin tarihin daular Sangai.

Ya ƙetare Kwara a Sayi a watan Yuni na 1853. Da ya kusa ƙasar Masina, inda ikon Sakkwato da Gwandu bai kai ba, sai ya ɓad da kama, ya ce shi sharifi ne daga Sham mai kai wa Shehun Tumbutu littattafai. Ya shiga Tumbutu ran 7 ga watan Satumba, 1853, nan da nan kuwa asirinsa ya tonu. Sarkin Hamdallahi, Ahmadu ɗan Ahmadu, ya aiko a ba da shi ko a kore shi. Shehu Ahmadul Bakka'i, babban malamin Kunta kuma jagoran Ƙadiriyya, shi ya tsaya masa. Ya rubuta wa Hamdallahi da hujjojin shari'a cewa baƙon da aka ba amana ba a taɓa shi, ya riƙa fita da shi zuwa zangonsa a bayan gari in hankali ya tashi. Wata da watanni a ke wannan ja-in-ja, Barth na kwana da bindiga a kusa, yana kuma ci gaba da rubutu. Daga ƙarshe Shehun da kansa ya raka shi har Gao a 1854.

Komawa gida

Ya biyo ta Sayi da Gwandu da Sakkwato, ya kwanta ciwon atuni a Wurno, ya iso Kano a watan Oktoba hannu wofi. Ya tarar labari ya bazu har Turai cewa ya mutu, dole ya ci bashi da riba mai tsanani wurin fataken Gadamas. A bayansa kuma Barno ta rikice. A 1853 Abdurrahman ya tuɓe ɗan'uwansa Shehu Umar, aka kashe Alhaji Bashir, sa'an nan Umar ya komo kan gado a 1854. A ƙarshen shekarar, cikin daji kusa da Bundi, Barth ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, masanin taurarin da aka aiko bayansu. Vogel ya ci gaba da nasa bincike ya nufi Wadai, ƙasar da ba shi da wani mai tsaya masa, aka kashe shi a can a 1856.

Barth ya bar Kukawa a watan Mayu na 1855, ya bi ta Bilma da Murzuk, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, ya shiga Landan ran 6 ga watan Satumba tare da Dorugu da Abbega. Ya yi tafiyar da ta wuce mil 10,000. A 1857 da 1858 aka buga labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar, da Ingilishi da Jamusanci. Ba su sami kasuwa irin ta littafin Livingstone ba, don sun cika da sunayen garuruwa da farashin kaya da jerin sarakuna, amma abin nan da ya gundiri masu karatun zamaninsa shi ne ya sa masu tarihin Kano da Barno da Sakkwato ba su iya rabuwa da su. Daga 1862 ya fara buga littafin kalmomin harsunan da ya tattara, har da Hausa. Ya zama farfesa a Balin a 1863. Ciwon ciki ya kashe shi ran 25 ga watan Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, bai taɓa aure ba.

Yaran nan biyu sun komo gida. Dorugu ya taimaki wani Bature mai suna Schön wajen rubuta Hausa, ya ba da labarin rayuwarsa aka buga, ya zo ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya zama sarki a Lakwaja.

To, masu karatu, har yanzu akwai ɗalibai da malamai da ma'aikata waɗanda aikin bincike ke kai su wuraren da babu kwanciyar hankali, wasu ma a kan hanyoyin nan da Abdulkarim ya bi. Ba su bukatar raƙumi ko turkudi, amma sauran shirin yana nan yadda ya ke. Mutum ya koyi harshen mutanen da zai shiga, ya gwada jikinsa a ƙaramar tafiya kafin babba, ya san wanda ke da iko da ko wane yanki da wanda su ke gaba da shi, ya aika da kwafin rubutunsa gaba, in 'yan ƙasa sun ce kada a hau dutse ya saurara. Ya kuma tuna cewa duk shirin Barth bai isa ya fid da shi daga Tumbutu ba, sai da Allah ya haɗa shi da malamin da ya ɗauki amanar baƙo da nauyi. Abin da shirin ya yi masa shi ne ya mai da shi baƙon da irin wannan malami zai ga ya cancanci a tsaya masa.